Idan soja ya ji rauni a iyakar Bagudo, wa ya san tarihin lafiyarsa?

Tun daga watan Nuwamban 2024, lokacin da Hedikwatar Tsaron Najeriya ta tabbatar da ɓullar 'yan ta'addar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, hankali ya ƙara komawa kan garuruwan bakin iyaka.

Ƙaramar Hukumar Bagudo na cikin wuraren da abin ya shafa. Daga Kurgu zuwa Tsamiya, Lolo, Illo da Ka'oje, yanki ne na daji da fadama da Kogin Neja, wanda ya yi iyaka da lardin Alibori na Jamhuriyar Benin. A wannan lardin ne gwamnatin Benin ta ce an kashe mata sojoji 54 a hare-haren ranar 17 ga Afrilun 2025.

Duk lokacin da aka tashi maganar buƙatun sojan da ke irin wannan wuri, makamai da motoci da alawus ake lissafawa. Ba kasafai ake tuna katinsa na asibiti ba, alhali a ranar da tsautsayi ya faɗa masa, abin da ke cikin katin na iya zama sanadin tsirarsa.

Fayil na bariki, mai shi na daji

Aikin soja aiki ne na canjin wuri. Wanda aka ɗauka a Zariya na iya yin shekara uku a Maiduguri, a mayar da shi Fatakwal, sannan a turo shi Barikin Dukku da ke Birnin Kebbi ko bataliyar da ke Zuru. Daga can kuma a tura shi sansanin wucin gadi a bakin iyaka.

Fayil ɗin takarda ba ya iya wannan yawo. Yana nan a kan kanta a asibitin da aka buɗe shi, kamar yadda har yau ake yi a akasarin asibitocin ƙasar nan, na gwamnati da masu zaman kansu.

Idan soja ya samu mummunan rauni, hannu da yawa yake bi. Ma'aikacin jinya na sansani ne zai fara ba shi agajin gaggawa, sai asibitin bariki ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi. Idan abin ya fi ƙarfinsu a wuce Sakkwato, inda hedikwatar Runduna ta 8 take, ko Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna.

A kowane zango sabon likita ne, kuma tambayoyinsa ɗaya ne: Mene ne rukunin jininsa? Akwai maganin da jikinsa ke bori da shi, kamar fenisilin? Yaushe aka yi masa allurar tetanus? Yana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga? Wace allurar kashe zafi aka riga aka yi masa, kuma da ƙarfe nawa?

Wanda ke kwance a sume ba zai amsa ko ɗaya ba.

Ko lokacin da aka ɗaure ƙafa ko hannu don tsayar da zubar jini yana da muhimmanci. Likitoci sun san cewa ɗaurin da bai wuce awa biyu ba galibi ba ya lahani, amma idan ya kai awa shida ana iya rasa gaɓar. Shi ya sa ake koya wa masu agajin fagen daga su rubuta lokacin. Idan rubutun ya ɓata a hanya, likitan tiyata zai yi aiki ne da lalube.

Mene ne rumbun bayanai?

Manhajar rumbun bayanai ba hoton takarda ba ce da aka ajiye a kwamfuta. Tsari ne da ke rarraba bayani gida-gida, sannan ya haɗa gidajen da lamba guda.

Gida ɗaya na ɗauke da sunan soja da muƙaminsa da rukunin jininsa. Wani na ɗauke da duk zuwan da ya yi asibiti. Wani na magungunan da aka rubuta masa, wani na sakamakon gwaji, wani kuma na rigakafi. Lambarsa ta aiki ce igiyar da ta ɗaure su duka, don haka ko da akwai Sani Abubakar goma a bataliya ɗaya, bayanin wani ba zai hau kan na wani ba.

Amfanin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Likitan bataliya na iya tambayar manhajar ta fito masa da sunayen duk waɗanda ba su kammala rigakafin ciwon hanta ba, ko adadin waɗanda zazzaɓi ya kwantar a wani sansani cikin mako biyu, ko magungunan da wa'adinsu zai ƙare a wata mai zuwa. A littafin rajista wannan aikin kwanaki ne, a manhaja kuwa na 'yan daƙiƙoƙi.

Tana kuma iya yin gargaɗi. Misali, akwai mutane da yawa a Afirka ta Yamma da ke da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, waɗanda wasu magunguna, irin su firimakwin, ke farfasa musu ƙwayoyin jini. Idan an taɓa gwadawa an shigar, manhajar za ta tsayar da mai rubuta maganin kafin a kai ga ɓarna.

Sauro ma abokin gaba ne

A Kebbi wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar da aka gwada na ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024.

A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 26 sakamakon ɓarkewar sanƙarau a yankunan Gwandu da Aliero da Jega.

Sojan da ke kwana a tanti kusa da fadama, cikin cunkoson abokan aiki, yana shaƙar iskar da mutanen gari ke shaƙa, sauron da ke cizonsu ne ke cizonsa. Idan mutum huɗu suka kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya a sansanoni biyu mabambanta, takarda ba za ta haɗa labarin da wuri ba.

Tarihi ma ya nuna haka. A yaƙin Kirimiya da aka fara a 1853, alƙaluman da Florence Nightingale ta tattara ne suka tabbatar wa gwamnatin Birtaniya cewa cututtuka sun fi harsashi kashe mata sojoji, abin da ya jawo gyaran tsafta a asibitoci da barikoki.

Darasin gobarar Amurka

A ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke birnin St. Louis na Amurka. Fayil miliyan 16 zuwa 18 na tsofaffin sojoji suka ƙone, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Shekaru da dama bayan haka, tsofaffin sojoji da iyalansu sun yi ta fama wajen kawo hujjar aiki ko ta rauni domin karɓar haƙƙoƙinsu.

A nan ma batun na da alaƙa da haƙƙi. Sojan da ya rasa ji saboda fashewar bam, ko ya samu ciwon baya da bai bayyana sosai ba sai bayan shekara goma, zai buƙaci shaidar cewa a bakin aiki ya samu. Haka matar mamaci da marayunsa. Inda babu rubutu, sai dogon zirga-zirga.

Amurka ta koma tsarin kwamfuta, amma ba da sauƙi ba. Tsarinta na yanzu, MHS GENESIS, an bayar da kwangilarsa a 2015 kan dala biliyan 4.3, aka fara aiki da shi a 2017, bai kuma karaɗe dukkan asibitocin sojinta ba sai a 2024.

Abin da ke hannu a Najeriya

Ba sai an kashe irin wannan kuɗi ba kafin a fara. Najeriya ta daɗe tana amfani da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wajen tattara alƙaluman asibitoci. Hukumar NCDC na bibiyar annoba da SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014.

Akwai kuma OpenMRS, manhajar kyauta da aka fara a 2004 musamman domin asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A kanta aka gina NMRS, wadda cibiyoyin kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki ke amfani da ita a jihohi da dama.

Su ma sojoji ba baƙi ba ne a wannan fanni. Tun 2005 Ma'aikatar Tsaro ke haɗin gwiwa da cibiyar binciken lafiya ta Walter Reed ta sojin Amurka kan yaƙi da wannan cuta a asibitocin bariki, aikin da ya dogara kacokan kan adana bayanan marasa lafiya. Akwai kuma kamfanin DHML, mai kula da inshorar lafiyar sojoji da iyalansu.

Sai dai dakatar da tallafin ƙasashen waje da Amurka ta yi a watan Janairun 2025 ya nuna haɗarin jingina irin wannan aiki ga aljihun wani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wuta, sabis da sirri

Tsarin da zai yi aiki a Abuja ba lallai ya yi a Kurgu ba. A bakin iyaka wutar lantarki ba ta da tabbas, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Don haka manhajar da ta dace ita ce wadda ke aiki a kan kwamfutar hannu ko da babu intanet, ana cajinta da sola, sannan ta tura abin da aka shigar zuwa babban rumbu da zarar an samu sabis.

Akwai kuma jarabar buɗe shafin Excel a ce an gama. A 2020 hukumar lafiyar Ingila ta tsallake sakamakon mutum 15,841 masu korona, saboda tsohon samfurin fayil ɗin da ta yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi sama da 65,536. Fayil guda a kan kwamfuta guda, ba tare da kwafi a wani wuri ba, bai fi takarda tsaro ba.

Babbar damuwa ita ce sirri. Rumbun lafiyar bataliya na nuna yawan sojojinta, inda suke, da adadin waɗanda ba za su iya fita aiki ba. Bayani ne da abokin gaba zai so ya samu. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa wuraren da sansanonin sojin Amurka suke a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojoji na gudun safe da agogon da ke aika bayanai. A 2017 kuma harin masu kutse na WannaCry ya tilasta wa asibitocin Birtaniya soke dubban alƙawuran ganin likita.

Shi ya sa dole a kulle bayanan ta yadda ko an sace na'urar ba za su karantu ba, kowane ma'aikaci ya shiga da kalmar sirrinsa, manhajar kuma ta riƙa ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe.

Sirrin ya shafi cikin gida ma. Abin da kwamanda ke buƙatar sani shi ne ko sojansa zai iya fita aiki ko ba zai iya ba, ba sunan ciwon ba. Idan soja ya san cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa ko gwajin jininsa zai zama abin hira a bariki, to ba zai je ba.

Doka ma ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa cibiyoyin lafiya adana bayanan majinyata da rufa musu asiri, ta kuma tanadi hukunci kan wanda ya sauya su ko ya lalata su ba bisa ƙa'ida ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar tsaro na musamman.

Ta ina za a fara?

Manhaja ba ta gyara bayanin da aka shigar ba daidai ba. Idan magatakarda ya rubuta O a inda ya kamata ya rubuta B, kwamfuta za ta yaɗa kuskuren ne zuwa kowane asibiti. Wannan ya sa har gobe ake sake gwada jini kafin a ƙara wa mutum, ake kuma buƙatar ƙwararrun jami'an adana bayanan lafiya, irin waɗanda makarantun fasahar lafiya na jihohin Arewa ke yayewa duk shekara.

Ba kuma sai an kwashe tsofaffin fayil gaba ɗaya a rana guda ba. Ana iya farawa da abubuwa biyar kafin a tura kowane soja bakin iyaka: rukunin jini, nau'in jini na AA ko AS, magungunan da jiki ke bori da su, rigakafin da aka yi, da ciwon da ake shan magani a kai. A shigar da su rumbu, a kuma buga su a ɗan kati mai leda da zai zauna a aljihun kakinsa, domin ranar da batir ya mutu.

Ribar za ta wuce bariki. Asibitocin sojoji na duba matan sojoji da 'ya'yansu da fararen hula na kewaye. Idan alƙalumansu na isa ga jami'an sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a kan lokaci, ba tare da sunaye ko sirrin aiki ba, sanƙarau ko kwalarar da ta fara leƙowa a sansani za ta zama gargaɗi ga mutanen Illo da Tsamiya tun kafin ta shiga kasuwa.