Kama da Wane Ba Ta Wane: Sirrin Tsaba, Kara da Rogo

Idan kaka ta yi a garin Wagini, rabo biyu ake yi wa dawa. Zangarniya ta tafi rumbu, kara da karmami kuma a jibge wa shanu da tumaki. Ko a shekarar da yunwa ta fi tsanani, ba a taɓa daka kara an tuƙa tuwo da shi ba. Amma in aka bi diddigi a ɗakin gwaji, tubalin da aka gina sitacin tsaba da shi, da shi dai aka gina zaren cikin kara: sukarin nan da ake kira gulukos. To me ya raba su?

Ɗauri ne ya raba su. A cikin sitaci, ƙwayoyin gulukos suna riƙe da juna duk fuskarsu ɗaya, sai sarƙar ta murɗe ta bar kafa. A cikin zaren kara, wanda masana ke kira selulos, kowace ƙwaya sai an kifar da ita kafin a ɗaura ta da ta gaba. Sai sarƙar ta miƙe sambal, ta manne da 'yan uwanta kamar asabari.

Jikinmu yana da wasu ma'aikata da ake kira inzayim, kowanne da irin ɗaurin da ya iya kwancewa. A 1894 wani masani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta su da mabuɗi da kwaɗo: in haƙoran ba su dace ba, ko an kwana ana murɗawa ƙofa ba za ta buɗe ba. Mabuɗin sitaci yana cikin miyau, sunansa amilas. Ka daɗe kana taunar ɗanyen gero, za ka ji zaƙi ya fara fitowa. Aikinsa ke nan. Mabuɗin selulos kuwa ba mu da shi. Saniya ma ba ta da nata, haya take yi: ƙananan halittun da ke tumbinta su ke kwance mata ɗaurin. Ta haka ciyawar dajin Rugu take komawa nono da man shanu.

Inda wannan ilimi ya zama batun rai da mutuwa shi ne rogo, wanda manoman yankin Batsari suka sani ciki da bai. A jikin rogo akwai wani sinadari mai suna linamarin: ƙwayar gulukos guda ɗaure da wani ɓangare mai ɗauke da gubar sayanaid. Muddin ɗaurin yana nan, gubar a kulle take. Mabuɗinta, linamaras, yana cikin rogon shi ma, amma a ɗaki daban. Da zarar ƙwaro ko akuya ta gatsa, bangon da ke tsakani ya fashe, mabuɗi ya sami kwaɗo, guba ta fito. Makamin da shukar ke kare kanta da shi ke nan. Ya fi yawa a rogo mai ɗaci, a ɓawo da ganye, kuma fari yana ƙara shi. Ɗanyen gyauron dawa ma yana da irin wannan tarko, shi ya sa makiyayi ke kore shanunsa daga gare shi.

Ita sayanaid, siffarta ce sharrinta. 'Yar mitsitsiya ce, ta dace da gurbin ƙarfen da ke jikin inzayim ɗin da ƙwayoyin jiki ke amfani da iskar numfashi ta hanyarsa. In ta toshe gurbin, mutum yana shaƙar iska amma jikinsa a shaƙe yake: jiri, amai, ciwon kai, wani lokaci har rai. Wanda kuma ya daɗe yana cin rogon da ba a gyara ba, babu furotin a abincinsa, yana iya kamuwa da konzo, ciwon shanyewar ƙafafu da aka fara bayyanawa a Kwango a 1938.

Yanzu dubi abin da iyayenmu mata ke yi. Su ɓare rogo, su jiƙa shi kwana uku zuwa biyar, ko su goge su matse, sannan su shanya ko su soya ya zama garin kwaki. Jiƙon da gugar suna haɗa mabuɗi da kwaɗo tun a waje, kafin abin ya shiga ciki. Gubar da ta fito kuma tana zama iska a zafin digiri 26 kacal, don haka rana da kasko suke kore ta. Ba su san sunan linamarin ba, amma sun san halinsa.

Haɗarin yana zuwa ne lokacin matsi, irin shekarun da rashin tsaro ya hana mutane noma gonakin nesa, tukunya tana jira, a gajarta jiƙo. Kada yunwar yini ɗaya ta sa mu yi haka. A ɓare rogo, a dafa shi ya nuna, a zubar da ruwan. Mai ɗaci kada ya ga tukunya sai ya kwana uku a ruwa. Kada a bar yara su ci ɗanye, kada a watsa wa awaki ɓawonsa sai ya bushe. Wanda kuma ya ci rogo ya fara jiri da amai, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.