Kallon fim kyauta ta intanet: ina mafita ga mai kallo a Ollelewa?

Dandalin kallon fina-finai ta intanet iri biyu ne. Akwai mai karɓar kuɗin wata kafin ya buɗe wa mutum ƙofa, kamar Netflix, akwai kuma mai barin kowa ya kalla, shi kuwa ya ci abinci da tallace-tallace, kamar YouTube. Abin da ake muhawara a kai shi ne ko ya kamata masu karɓar kuɗin wata su ware wani sashe na kyauta.

Netflix ya taɓa gwadawa. A watan Satumba na 2021 ya buɗe wa masu wayar Android a Kenya wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fina-finansa, ba kuɗi ba talla, da fatan wanda ya ɗanɗana zai dawo ya biya. A Nuwamba 2023 ya rufe tsarin. Tsarinsa mai rahusa da ke ɗauke da talla kuwa, wanda ya fara a Nuwamba 2022 a ƙasashe 12, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu.

A ƙasar Hausa lamarin ya bi wata hanya. Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano ta durƙushe, masu shirya fina-finan Kannywood sun koma ga masu dogon zango. Izzar So da Labarina, tun daga 2020, a YouTube da tashar Arewa24 suka tara jama'arsu. Dandalin Northflix da ke karɓar kuɗi bai samu irin wannan cincirindo ba.

To amma a gundumar Ollelewa ta Damargu, inda matatar man SORAZ take a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, kyautar ma da kuɗinta. Manomin gero ko makiyayi sai ya sayi data daga Airtel, Moov ko Zamani, kuma kashi guda na fim kan lashe abin da ya saya tun labari bai kai tsakiya ba, balle in layin ya yi ta yankewa. Katin banki da manyan dandali ke nema ba kowa ke da shi ba. Shi ya sa ranar kasuwa, a wuri irin Bakin Birji, rumfar mai cajin waya ke cika: a miƙa memori da 'yan daloli, a tura wa mutum fina-finai, da dare ya raba wa abokai ta manhajar Xender. Daga wannan ciniki ko dala ba ta isa hannun wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim ɗin. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo.

Talla kaɗai ba za ta toshe ɓarakar ba. YouTube na ba mai bidiyo kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, sai dai kallon da aka yi a Nijar kuɗinsa bai kama ƙafar na Amurka ko Faransa ba.

Duk da haka, dandalin da ke neman masu kallo a Damargu ba shi da zaɓin da ya wuce buɗe sashen kyauta, mai sauƙin cin data, wanda za a iya saukewa a kalla daga baya. Sabon kashi kuma a sayar da shi ɗaya-ɗaya ta kuɗin waya, a farashin da bai wuce na mai rumfar caji ba.