Shugaban Ƙasar Da Ya Koma Riƙe Zarto

Ran 20 ga watan Janairu 1981 Mista Jimmy Carter ya sauka daga mulkin Amurka, bayan Ronald Reagan ya kā da shi a zaɓe. Ya koma garinsu Plains, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Jojiya, ya tarar cinikin gyaɗar da ya bari ya cushe da bashi. Shekarunsa 56 a lokacin, ga zafin faɗuwa, ga rashin sanin abin yi.

Ma'aikatansa sun tara kuɗi za su saya masa mota ta ban kwana. Da labari ya kai gare shi sai ya nuna ba ita yake so ba, saboda haka aka juya kuɗin aka sayi kayan kafinta. Ya gyara garejin gidansa ya mai da shi ɗakin aiki. In rubutun littafin tarihin mulkinsa ya gajiyar da shi, sai ya ratsa garejin ya ɗauki zarto.

Wannan aiki ba baƙonsa ba ne. Tun yana yaro ya fara koyonsa a gonar mahaifinsa, ya ƙara a makaranta. Sa'ad da yake ƙaramin hafsa a rundunar jiragen ruwa, albashi bai taka kara ya karya ba, shi ya riƙa harhaɗa wa iyalinsa kayan ɗaki.

Abin da ya fi jawo masa yabo wurin masana katako shi ne kujerun da ya yi bisa dabarar mutanen dā, ba ƙusa ba gam. Akan sare ice ɗanye, a tsaga shi bisa jijiyarsa maimakon a yanka, don tsagaggen ice ya fi ƙarfi. Sandunan da za su gitta sai a busar da su ƙayau, amma ƙafafun kujera a bar su da sauran danshi. A huda ƙafa, a cusa busasshiyar sanda. Yayin da ƙafar ke bushewa sai ramin ya tsuke, ya damƙe sandar tamau. Mazaunin kuwa da ɓawon icen ake saƙa shi. Wanda ya yi gaggawa ya haɗa ɗanye da ɗanye, kujerarsa za ta soma girgiɗi kafin shekara ta kewayo.

Bai mai da aikin sana'a ba, amma bai tsaya kan nishaɗi kaɗai ba. Cikin 1982 shi da matarsa Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter, aka riƙa yin gwanjon kayan da ya ƙera ana zuba kuɗin cikin asusunta. Daga 1984 kuma suka shiga taya ƙungiyar Habitat for Humanity gina wa talakawa gidaje, shi da kansa yana buga ƙusa.

Nijeriya ta san wannan mutum. Ya zo Legas cikin 1978 zamanin Janar Obasanjo, daga baya kuma cibiyarsa ta ja ragamar yaƙi da kurkunu tun 1986. Binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya gano mutum fiye da 650,000 masu cutar a Nijeriya. Janar Yakubu Gowon ya sa hannu cikin yaƙin, har cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da ita.

Mista Carter ya rasu ran 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100. Ma'aikatan da ke ganin riƙe guduma ƙasƙanci ne ga mai ilmi, sa'an nan ritaya ta same su ba abin yi sai zaman ƙofar gida, ya kamata su dubi wannan gareji. Zarto, guduma, kurfi da ɗan tebur mai ƙarfi a kusurwar zaure sun isa mafari.