Kafin a sayar da masara a sayi laftof

Da kaka ta yi, manomin Funtuwa ko Malumfashi ya kai masara da waken soya kasuwa, sai ɗansa da ke karatu a ABU Zariya ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya kawo kukan kwamfuta. Kuɗin buhuna da yawa ne, don haka a tsaya a duba.

Yawanci ta hannu ake saye, a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano. Ba laifi, amma kada ƙyallin murfi ya ruɗe ka. A nemi RAM mai gigabait 8 da ma'ajiyar SSD mai 256. Wannan ya ishi ɗalibar aikin ungozoma a Malumfashi; mai karatun injiniya da zai buɗe AutoCAD kuwa gara ya nemi 16.

Batir shi ne babban zance a inda wuta ke zuwa tana tafiya. A cire caja a gaban mai shago, a kunna bidiyo na rabin awa, a ga kashi nawa ya zube. A danna kowane harafi, a gwada kyamara.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana son Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, don haka a duba wannan kafin a saya. Manhajar sata da masu shago ke lodawa kan zo da ƙwayar cuta. Maimakon ta sata, LibreOffice kyauta ce, tana buɗe fayil ɗin Word ba tare da data ba.