KEMISTIRI KO BAYOLOJI: WANNE YARO ZAI RIƘE?

Idan yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ya shiga babba, akan raba ɗalibai kashi-kashi. Akwai sashen kimiyya, akwai na adabi, akwai na kasuwanci. Wanda ya faɗa sashen kimiyya yakan zo hutu da sunayen darussa waɗanda ba a saba ji ba a ƙauye. Biyu daga cikinsu su ne Kemistiri da Bayoloji.

Wata rana sai yaro ya ce, "Baba, ɗaya ya yi mini wuya, zan ajiye shi." Uban ya ce, "To, kai ka san karatunka." Magana ta wuce. Bayan shekara uku a je neman makarantar gaba, sai a ce darasin nan da ya ajiye shi ake bukata. Kuɗin jarrabawa sun tafi, shekara ta tafi. Wani ma daga nan karatun ya tsaya ke nan. Don haka ya kamata iyaye su san mene ne waɗannan darussa biyu, da kuma inda kowanne yake kai yaro.

MENE NE KEMISTIRI?

Kemistiri shi ne ilimin sinadarai. Yana bayanin abin da aka yi kowane abu da shi, da abin da ke faruwa idan an haɗa abu da abu, ko an dafa, ko an ƙona. Masana sun ƙidaya sinadarai na asali guda 118. Ƙarfe yana cikinsu, haka zinariya da farar wuta. Sauran abubuwa, kamar ruwa da gishiri, haɗi ne na waɗannan sinadarai.

Mutanen karkara sun daɗe suna aiki da wannan ilimi ba su san sunansa na boko ba. Matar da ta tace ruwan toka ta dafa shi da mai ya zama sabulu, aikin Kemistiri ta yi. Haka wadda ta jefa kanwa a tukunya don wake ya yi saurin nuna. Haka majemin da ya jiƙa fata a ruwan bagaruwa. Fartanyar da aka bari a waje da damina ta yi tsatsa, ita ma Kemistiri ne yake bayanin dalili: ƙarfe ne ya haɗu da iska da laima.

Wannan darasi yana tafiya da lissafi. Ga misali. A jikin buhun takin yuriya akan rubuta 46. Ma'anarsa, cikin kowane kashi 100 na takin, kashi 46 sinadarin naitirojin ne, wanda yake sa ganye ya yi kore shar. Buhu kilo 50 ne. Ashe ke nan naitirojin da ke cikinsa kilo 23 ne. Irin wannan lissafi ɗalibin Kemistiri yake yi kullum.

MENE NE BAYOLOJI?

Bayoloji shi ne ilimin halittu masu rai: mutum, dabba, tsiro, ƙwaro, har da ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. A nan yaro yake koyon cewa babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. A nan yake koyon yadda jini yake zagayawa, da yadda abinci yake narkewa a ciki.

Shi ma wannan ilimi yana nan a gida da gona. Madara takan kwana ta zama kindirmo saboda aikin wasu ƙananan halittu. Su ne kuma suke mai da kalwa ta zama daddawa. Macen sauro ce take ɗauko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga wani ta kai wa wani. Ƙuduji, wato wuta-wuta, yakan maƙale a saiwar dawa da gero yana shan abincinsu. A saiwar wake da gyaɗa akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa gonar da aka yi wake bara take yin kyau da hatsi bana. Bayoloji ne kuma ya bayyana gadon ciwon sikila. Idan miji da mata duk suna da jinin AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon.

Lissafin Bayoloji bai kai na Kemistiri yawa ba. Amma yana da yawan karatu da haddar sunaye masu wuya. Yana son yaro mai lura, mai iya zana abin da ya gani, mai iya bayani da Turanci.

INDA SUKA HAƊU

Darussan nan biyu kamar wa da ƙane suke. A dubi marinar Ƙofar Mata a Kano. Marini yakan zuba baba da toka a ruwa ya bar su kwanaki. Ƙananan halittu ne suke aiki a cikin ramin har rinin ya tashi. Wannan Bayoloji ne. Idan an tsamo zane, yakan fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi. Wannan kuma Kemistiri ne. Haka aikin asibiti yake. Likita sai ya san jikin mutum, sai kuma ya san maganin da zai shiga jikin. Malamin gona sai ya san shuka, sai kuma ya san taki da ƙasa.

WURI UKU DA AKE YIN ZAƁI

Na farko, a babbar sakandare. Ɗalibi yakan rubuta darussa takwas ko tara a jarrabawar WAEC ko ta NECO. Saboda haka ɗan sashen kimiyya yana da wurin da zai ɗauki Kemistiri da Bayoloji da Fiziks gaba ɗaya. Shi Fiziks shi ne ilimin motsi da zafi da haske da lantarki. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, duka ukun suke koyarwa. A wannan mataki babu dalilin ajiye ko ɗaya. Jami'o'i suna neman kiredit biyar daga ɗan sashen kimiyya, har da Turanci da Lissafi. Kiredit shi ne sakamako daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 ko E8 ya ci, amma ba kiredit ba ne. F9 kuwa faɗuwa ce.

Na biyu, wajen cike takardar JAMB. Wannan hukuma an kafa ta a 1978, ita take shirya jarrabawar shiga jami'a da sauran manyan makarantu. Darasi huɗu kawai ake rubutawa, kowanne maki 100, jimla 400. Turanci dole ne ga kowa. Saura uku ke nan. A nan zaɓi yake zama tilas.

Na uku, a karatun share fage da ake kira IJMB. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce take kula da shi tun 1976. Ana yinsa a kwalejoji da dama, har da makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa. Karatu ne mai zurfi na kusan shekara ɗaya bayan sakandare. Darasi uku ɗalibi yake ɗauka. Wanda ya ci da kyau yana iya samun shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda ya ɗauki darussan da ba su dace da abin da yake nema ba, ko ya ci, ba za su yi masa amfani ba.

WANE AIKI KE NEMAN WANE DARASI?

Ga yadda abin yake a yawancin jami'o'in Nijeriya, ban da Turanci:

1. Likitan mutane, likitan haƙori, likitan dabbobi, mai haɗa magunguna, da nas: Bayoloji, Kemistiri, Fiziks.

2. Injiniya na gini, na lantarki, na injuna, ko na man fetur: Lissafi, Fiziks, Kemistiri.

3. Ilimin aikin gona da kiwo: Kemistiri, da Bayoloji ko darasin Aikin Gona, sannan Fiziks ko Lissafi.

Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma su ma kiredit suke nema a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.

Duk wanda ya duba jerin nan da kyau zai ga abu guda. Kemistiri ya fito a layi na ɗaya, ya fito a na biyu, ya fito a na uku. Bayoloji kuwa ya fito a wajen lafiya da noma, bai fito a wajen injiniya ba. Ashe yaron da ya ajiye Kemistiri ya rufe wa kansa kusan duk waɗannan ƙofofi lokaci guda. Wanda ya ajiye Bayoloji ya rufe ƙofar asibiti, amma ta injiniya tana nan buɗe, muddin yana da Lissafi da Fiziks.

Wannan ya nuna cewa a JAMB da IJMB, Kemistiri yakan zauna daram. Rabuwar hanya tana tsakanin Bayoloji da Lissafi ne. Mai son asibiti ya ƙara Bayoloji a kan Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya ya ƙara Lissafi.

A lura kuma, darasin Aikin Gona yakan tsaya a madadin Bayoloji ga mai neman karatun noma a jami'o'i da yawa. Amma ba ya tsayawa a madadinsa ga mai neman aikin likita ko jinya. Yara da yawa sun yi wannan kuskure.

KURAKURAN DA AKA FI YI

Wani yaro abokinsa yake bi. Duk abin da aboki ya ɗauka shi zai ɗauka. Alhali kama da wane ba ta wane.

Wani malami yake gudu. Malamin Kemistiri yana da zafi, sai ya bar darasin. Malami zai tashi wata rana, amma giɓin da ke takardar sakamako yana nan.

Wani kuma iyaye ne suke tilasta masa. Uba yana son a ce ɗansa likita ne, yaro kuwa ko kaza aka yanka ba ya iya kallo, amma duk rediyon da ta lalace a gidan shi yake gyarawa. Irin wannan yaro hanyar injiniya ta fi dacewa da shi.

Akwai masu cewa Kemistiri na maza ne, mata Bayoloji ya ishe su. Wannan magana ba ta da tushe. Makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Taura a Jihar Jigawa duka darussan take koyarwa. Yarinyar da take son zama ungozoma, ta dawo ta karɓi haihuwar matan garinsu, ba za a ɗauke ta ba sai da kiredit a Kemistiri da Bayoloji duka. Wanda ya hana ta ɗaya ya hana ta aikin.

ABIN DA IYAYE ZA SU YI

1. Su zauna da yaro tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, su tambaye shi aikin da yake so ya yi idan ya girma. Daga aikin ake gane darasin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Su karɓi takardar sakamakon kowane zango su duba makin Lissafi da na kimiyya. Idan Lissafi ne yake ba shi wuya, a nema masa mai ƙara masa darasi tun da wuri, domin raunin Lissafi shi yake zama raunin Kemistiri.

3. Su je makarantar da kansu. Su tambayi shugaban makaranta: akwai malamin Kemistiri? Akwai na Bayoloji? Akwai ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki? Wannan tambaya tana da muhimmanci, saboda darussan biyu suna da jarrabawar gwaji da hannu. A Kemistiri akan ba yaro ruwan sinadarai ya auna ya haɗa, ya lura da lokacin da launi ya sauya. A Bayoloji akan ajiye masa ganye ko ƙashi ko ƙwaro ya zana ya yi bayani. Yaron da bai taɓa riƙe kayan ba sai ranar jarrabawa zai sha wuya.

4. Idan babu malami ko kayan aiki, a kai maganar taron iyaye da malamai, a kai ta ofishin ilimi. Idan da hali, a nema wa yaro canji zuwa makarantar da take da su.

5. Kafin a biya kuɗin JAMB ko na IJMB, a sa malami ya duba littafin ƙa'idoji da hukumar JAMB take fitarwa. A cikinsa aka rubuta abin da kowace jami'a take nema, domin akan samu ɗan bambanci daga wata zuwa wata. Kada a bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa yaro darussa. Matambayi ba ya ɓata.

IDAN AN RIGA AN YI KUSKURE FA?

Akwai gyara, sai dai yana cin kuɗi da lokaci. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, wadda wanda ya bar makaranta yake iya rubutawa. Yaro yana iya komawa ya karanta darasin da ya ajiye, ya rubuta shi a can. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Amma wasu jami'o'i, musamman wajen karatun likita, sukan ce sai sakamakon zama ɗaya. Saboda haka rigakafi ya fi magani.

A taƙaice, yaron da ke sashen kimiyya ya riƙe Kemistiri da Bayoloji duka har ya gama sakandare. Ranar da zaɓi ya zama dole, a fara duba aikin da yake nufi, sannan a ɗauki darussan da aikin yake nema. Uban da bai yi boko mai zurfi ba, shi ma yana iya yin waɗannan tambayoyi, kuma tambayarsa tana iya tsare wa ɗansa shekara guda cur.

Allah Ya yi wa zuri'a albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.