Labarin Ajayi, Bawan Da Ya Zama Bishop

Masu iya magana suna cewa bayan wuya sai daɗi. Wanda ya ke so ya ga tabbacin wannan, sai ya dubi rayuwar Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A shekarar 1821, yana ɗan wajen shekara 12, mahara suka auka wa garinsu, suka kama shi, suka raba shi da uwarsa. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka musanya shi da doki. Baƙin ciki ya kai shi ga neman halaka kansa, amma Allah bai nufa ba.

A 1822 fatake na Fotugal suka sa shi cikin jirgin ruwa a Ikko don su ƙetare teku da shi. Sai jiragen yaƙin Ingila suka tare su, suka kuɓutar da bayin, suka sauke su a Saliyo. Can ne ya shiga makarantar mishan, ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, yana cikin ɗaliban farko, daga baya kuma ya zama malami.

Abin lura shi ne yadda ya ɗauki wahalarsa. Cikin wata takarda da ya rubuta a 1837, ya nuna cewa ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki ce, amma ya koyi ganinta ranar albarka, domin ta hanyarta ya san Almasihu. Watau bai musunta zafin abin ba, ya dai ga ikon Allah a cikinsa.

Farin cikinsa ya cika a 1846, sa'ad da ya sadu da uwarsa a Abeokuta bayan rabuwar shekara 25. Daga baya ita ma aka yi mata baftisma. A 1864 aka naɗa shi Bishop a Canterbury, shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a cocin Angalika. Ya yi aiki a bakin Kwara, har Lakwaja, ya kuma shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Ko da tsufa jarrabawa ba ta bar shi ba. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka kushe aikinsa, suka dakatar da mataimakansa. Ya jure, bai bar cocinsa ba har ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891.

To, malamai, ga labarin da ya kamata yara su ji, musamman marayu da waɗanda talauci ya matsa wa. Yaron da aka yi wa kuɗi daidai da doki bai san abin da ke gabansa ba, haka kuma wanda ke zaune a ajinku yau.