Tazarar haihuwa: wadda ta karɓi maƙwabciyarki ba lallai ta karɓe ki ba

A Sabo Ibadan ko Agege, mata da yawa kan zaɓi hanyar tazarar haihuwa ne don kawai wata ƙawa ta yaba. Ni dai tambayar da nake so ki fara yi wa kanki ita ce: yaushe kike son ciki na gaba?

In nan kusa ne, ki yi hattara da allurar Depo ta wata uku-uku, domin bayan an daina ciki kan yi jinkiri, wani lokacin har shekara. Ga shi kuma mu masu zuwa gida Arewa mu share wata huɗu, ranar allura sai ta wuce mu.

Ashanar hannu ba ta da wannan matsalar. Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5, ana cirewa kuma haihuwa ta dawo da wuri. Sai dai fa takan birkita al'ada, abin da ke wahalar da mace wajen lissafin sallah da azumi.

Mai hawan jini ko mai sabon goyo kuwa, kar ta sayi ƙwaya a kemis kai tsaye. Wasu ƙwayoyin ba su dace da ita ba, sai an auna ta a asibiti tukuna.